Gefen tayata ya ɓantare, ga kuma ɗan tudu: in ci gaba da hawa ko in canja?

Mai Farar Mota:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san taya, don ni dai tuƙin kawai na iya.

Tayata ta gaba, hannun dama, ita ce ta daki kankaren gefen titi lokacin da nake ƙoƙarin kauce wa wata babbar mota da ta matse ni. Ba gudu nake sosai ba, amma na ji dukan har cikin sitiyari. Da na tsaya na duba, sai na ga roba ta ɓantare a gefen tayar, dab da bakin wili, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba. Ba ta cire gaba ɗaya ba, in ka ɗaga ta da yatsa sai ta koma ta kwanta. Wilin ma ya ɗan kankaru a daidai wurin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, washegari ina wanke motar sai hannuna ya bi ta kan wani ɗan tudu, nesa kaɗan da inda robar ta ɓantare, wajen tsakiyar gefen tayar. Faɗinsa kamar yatsu biyu. Ido ba ya saurin kama shi sai rana ta haska ta gefe, amma hannu yana jin sa sarai.

Tayar ba ta sace ba. Na sa gejin auna iska, tana nan a 32 yadda na bar ta. Mota ba ta ja gefe, sitiyari ba ya rawa. Lambar da ke jikinta 205/55 R16 91V ce, kuma zanenta da saura sosai, ko rabi ba ta ci ba, shi ya sa nake jin zafin jefar da ita. Mai facin da na nuna wa ya ce tunda ba ta zubar da iska in yi tafiyata. Wani abokina kuma ya ce kada in kuskura in hau babbar hanya da ita. Ga shi ina da tafiya mai nisa da iyali a ƙarshen mako, mota cike da mutane da kaya.

To wanne zan ɗauka? Akwai facin da ake yi wa gefen taya ya riƙe?

Direban Dogon Zango:

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ba kanka farau ba. Mu da muke kwana a hanya mun ga tayoyin da suka fi taka jin jiki kuma suka kai mu gida lafiya. In za ka canja taya duk lokacin da ta goga kankare, ai sai ka ƙare a wurin masu sayar da taya.

Abin da za ka yi, ka mai da ita baya, ka kawo ta baya gaba. Gaba ne wurin haɗari, tunda can sitiyari yake, can kuma nauyin inji yake. In hankalinka bai kwanta ba ka sa a yi mata facin wuta ta ciki, a zura mata tiyub. Ko da tayar ta buɗe, tiyub ɗin zai riƙe iska. Ka dai rage gudu, sauran kuma sai addu'a.

Tsohon Mai Faci:

Direba, Allah ya kiyaye hanya, amma a wannan karon ban bi ka ba. Mai Farar Mota, abubuwa biyu ka kawo, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ɓantarewar robar tana iya zama ba komai ba. Tudun nan kuwa shi ne maganar.

Bari in fara da yadda tayar take a ciki, don wanda bai taɓa yanka taya ya gani ba yana ɗauka duk roba ce. Harafin R da ke cikin lambar tayarka yana nufin ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, kuma kusan duk tayar ƙaramar mota a yau ita ce. A wannan ƙirar, fuskar da ke taka ƙasa tana da ɗamarar wayoyin ƙarfe, galibi shimfiɗa biyu, ga roba mai kauri a kansu. Shi ya sa ƙusa ke shiga can a yi faci a ci gaba da tafiya. Gefen kuwa ba shi da wannan ɗamarar. Abin da ke cikinsa zaruruwa ne, yawanci na foliyesta, an jera su ɗaya kusa da ɗaya, sun taso daga bakin wili sun haye sun sauka a ɗaya bakin. Robar da ka gani a kansu 'yan milimita ce kawai, aikinta ta kare su daga rana da ruwa da gogayya. Iskar da ka auna 32, waɗannan zaruruwan ne suke riƙe da ita, ba robar ba. Lambar 91 ɗin nan ma cewa take tayar za ta ɗauki kilo 615, amma da sharaɗin zaruruwan suna nan lafiya.

To me ya faru lokacin da ka daki kankare? Gefen tayar ya matse tsakanin kankaren da bakin wili, wasu zaruruwa suka tsinke a ciki, robar waje ba ta yage ba. Iska ta samu wurin da babu mai riƙe ta, sai ta turo robar waje. Tudun da hannunka ya ji ke nan. Saboda haka cewa ba ta sace ba ba hujja ba ce. Fatar ciki da ke tare iska tana iya zama lafiya lau, ƙashin tayar kuma ya karye. Irin wannan tayar ba ta sacewa a hankali ta ba ka lokaci. Bindiga take yi.

Wani abin da mutane ba sa lissafawa shi ne yawan lanƙwasar da gefen taya ke yi. Tayarka tana zagayawa kusan sau 500 a kowace kilomita. In kana tafiyar kilomita 100 a awa, wajen sau 14 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma duk zagaye sai wurin nan ya lotsa ya miƙe. Ka ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, za ka ji ta yi zafi, daga nan ta karye. Zaruruwan da ke maƙwabtaka da waɗanda suka tsinke yanzu su ke ɗauke da kayan 'yan uwansu, su ne na gaba a layi. Ƙara gudu, ƙara lodi, ƙara zafin kwalta, duk abin da tafiyarka ta ƙarshen mako ta haɗa ke nan.

Yanzu maganar ɓantarewar. Tayoyi da yawa suna da wani gammon roba mai kauri da ya zagaye bakin wili, an yi shi ne don ya sha dukan a madadin wilin. In a nan ne ta ɓantare, sau da yawa muni ne kawai. Ga yadda za ka gane. Ka wanke wurin, ka haska tocila, ka ɗaga robar da abu marar tsini, kada ka sa wuƙa ko bakin sukundireba ka ƙara ɓarna. In baƙar roba ka gani har ƙasan ramin, zaren bai taɓu ba. In ka hango wasu siraran layuka masu haske a jere, zare ne, kuma ko bai tsinke ba ya riga ya fito fili, ruwa da ƙasa za su riƙa shiga. Sannan ka shafa ruwan sabulu ka jira ka ga ko zai yi kumfa. Da a ce ɓantarewar ce kaɗai, babu zare babu kumfa babu tudu, da na ce maka ka manne ta ko ka datse ta, ka riƙa dubawa lokaci lokaci. Amma tudu ya riga ya yanke hukunci.

Facin wuta kuma, na yi shi da hannuna ba adadi, don haka na san iyakarsa. Faci yana toshe rami ne, ba ya ɗinke zaren da ya tsinke. A fuskar taya yana zama daram saboda ɗamarar ƙarfe ta hana wurin motsi. A gefe kuwa motsin nan da na faɗa shi ke ɓanɓaro shi. Akwai gyaran gefe da ake yi wa tayoyin manyan motoci da na tarakta a wuraren da ke da injinan aikin, wannan wani fanni ne daban, ba a yi wa tayar ƙaramar mota. Ƙa'idar da masu ƙera taya suka sa ita ce a yi faci a fuskar da ke taka ƙasa kawai, ramin kuma kada ya wuce milimita 6. Tiyub ma ba ya ɗaukar kaya, duk inda taya ta buɗe nan zai bi ya turo kai ya fashe. Ga shi cikin taya marar tiyub ba sumul yake ba, yana da 'yan layuka da ke gurzar tiyub ɗin har ya huje.

Ka cire ta, ɗana. Kuma kafin ka isa wurin da za a canja, safaya za ka sa.

Uwar Biyu:

Baba Mai Faci, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Bayaninka ya sa na fita na shafa tayoyina duka huɗun. Ban ji tudu ba, amma a biyu daga ciki na ji akasin haka, wato wani ɗan kwari da ya lotsa ciki, ya miƙe tsaye daga wajen wili zuwa wajen zane. Ban daki komai ba iya sanina. Shi ma alamar zare ya tsinke ne? Sannan ta baya ɗaya tana da ƙananan tsage-tsage a gefe, sirara ƙwarai, sun zagaye ta. Ni ce ke kai yara makaranta a motar, shi ya sa hankalina ya tashi.

Tsohon Mai Faci:

Hajiya, kwarin nan kada ya hana ki barci. Lokacin da ake haɗa taya, akwai inda bakin shimfiɗar zaren ke hawa kan ɗaya bakin. Wurin ya zama ninki biyu, ya fi sauran ƙarfi, in an hura iska ba ya buɗewa kamar kewayensa, sai ya bayyana kamar ya lotsa. Da shi aka ƙero ta, ana ma ganinsa a sabuwar taya fil. Abin da ya shiga ciki a miƙe, haɗin zare ne. Abin da ya turo waje shi ne abin tsoro. Sai dai ki shafa da kyau, don wani lokaci gefen kwarin yakan ruɗi hannu ya ji kamar tudu. In kin yi kokwanto, a cire tayar daga wili a duba ta ciki.

Tsage-tsagen kuma tsufa ne, roba ce ta bushe saboda rana da iska da daɗewa. Ki nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar, ki bi haruffan har ƙarshe, za ki ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an leƙa ta ciki. Michelin suna cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a sauke ta ko da zanenta bai ci ba. Tsagar da ta tsaya a saman fata tana ba ki lokaci ki shirya. Wadda farce ke shiga, ko ta buɗe baki in mota ta danne wurin, wannan ta gama aiki.

Mai Karance-karance:

Ƙari a kan bayanin Baba, don kada a ce ra'ayin mutum ɗaya ne. A Ingila akwai gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara, ana kiransa MOT. A ƙa'idarsu, taya ta faɗi in tana da ƙullutu ko kumburi ko yagewar da ta samo asali daga rabuwar cikinta, ko in zare ko waya ya fito fili. Yanka kuma ana duba tsawonsa da zurfinsa tare: in ya wuce milimita 25 ko kashi 10 cikin 100 na faɗin tayar, duk wanda ya fi yawa, kuma ya kai ga zare, ta faɗi. Ka ga ba su ce duk ƙwarzane ya kashe taya ba, zaren suke bi, daidai da abin da Baba ya ce. A maganar faci ma, a can Ingila an keɓe tsakiyar fuskar taya, wajen kashi uku cikin huɗu na faɗinta. Kafaɗa da gefe ba sa ciki.

Wani abu kuma, Mai Farar Mota. Lambar 55 da ke tayarka tana nufin tsawon gefen kashi 55 cikin 100 ne na faɗin, wato wajen milimita 113. Duk yadda wannan lambar ta yi ƙasa, 45 ko 40, gefen yana gajarcewa, ramin titi ko kankare ya fi saurin matse shi da wili. Ƙarancin iska ma haka yake yi. Masu son manyan wili da siririyar taya su san da wannan.

Direban Dogon Zango:

To Baba, na ji, tudu dai an kashe bakina a kansa. Amma maganar mai da ita baya fa? Ni a sanina fashewar gaba ta fi muni, don sitiyari take fizgewa daga hannunka. Na ga wanda ta gaba ta yi masa bindiga, motar ta yi cikin daji da shi kafin ya ce me.

Tunda an zo nan ma bari in faɗa wa masu ƙananan motoci abin da muka sani a aikace, don ko sabuwar taya tana iya taka ƙarfe ta fashe. In ta faru, ƙafarka za ta nemi birki da kanta, kada ka bari. Ka damƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsai da motar a kan layinta, ka sassauta totur a hankali, kada ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya lokaci guda. Tayar da ta fashe ita da kanta tana jan motar tana rage mata gudu. Sai gudun ya sauka sosai sannan ka taɓa birki sannu sannu ka gangara gefe. Sau da yawa birkin ne ke wuntsila mota.

Tsohon Mai Faci:

Wannan bayanin na fashewa ka yi gaskiya, ba ni da abin ƙarawa. Maganar baya kuwa, ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ta gaba sitiyari take fizga, kuma sitiyarin yana hannunka, kana iya kokawa da shi. Ta baya in ta tafi, gindin motar ne ke juyawa, musamman a kwana ko a jiƙaƙƙen titi, kuma babu abin da ke hannunka da ke juya ƙafafun baya. Ku da kuka shekara kuna tuƙi wataƙila ku tare ta, mai zuwa ofis da dawowa ba zai iya ba. Shi ya sa masu ƙera taya ke cewa in biyu ka saya sababbi, a baya za ka ɗaura su. Kuma mutumin nan cewa ya yi zai cika mota da iyali da kaya, nauyin nan a kan tayoyin baya zai sauka. Ko safaya ban yarda a mai da mai tudu ba, don ranar da za ka neme ta a tsakiyar hanya kake, babu zaɓi.

Mai Farar Mota:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sa safaya na kai motar, na ce a raba tayar da wili in gani da idona. Ƙarƙashin robar da ta ɓantare babu zare, baƙi ne har ƙasa, yadda Baba ya kwatanta. Amma ta ciki, daidai bayan tudun, akwai tsaga a fatar, tsawonta kamar gaɓar yatsa, in an danna daga waje sai ta buɗe baki. Mai facin da ya cire ta shiru ya yi, ya jingine ta gefe.

Saura tambaya biyu. Guda ɗaya zan saya ko sai biyu? Kuma safayata irin siririyar nan ce, zan iya tafiyar da ita in ban samu irin tawa ba kafin lokacin?

Tsohon Mai Faci:

Siririyar safaya ta kai ka wurin gyara ce kawai. Duba jikinta, za ka ga an rubuta kada a wuce kilomita 80 a awa, kuma iskarta ta fi ta sauran yawa, galibi 60 take sha. Ba a doguwar tafiya da ita, balle da lodi. In ba ka samu taya ba, ka ɗaga tafiyar.

Ɗaya ko biyu kuma, ya danganta da abokiyar zamanta ta hagu. Ka ce ko rabi ba ta ci ba. In bambancin zurfin zanensu da sabuwar kaɗan ne, ɗaya ta isa, amma ta zama lamba ɗaya, 205/55 R16, kuma kada ka sauka ƙasa da 91 ko ƙasa da V, harafin da ke nuna iyakar gudun da tayar za ta jure. In ka samu kamfani ɗaya da zane ɗaya ya fi. In ta hagun ta ci sosai, sayi biyu ka sa su a baya, na bayan su dawo gaba. Motar da ke ja da ƙafa huɗu ita ce mai tsanani a wannan, don bambancin girman tayoyi yana wahalar da giyarta, sai ka duba littafin motar. In ta hannu za ka saya, kada ka karɓe ta a ɗaure a wili. Ka sa hannu ka zagaye cikinta, ka nemi faci a gefe, ka nemi garin roba ko wani baƙin zobe da ya zagaye gefen, alamar an taɓa tafiya da ita a sace. Ka karanta shekararta.

Kafin a ɗaura sabuwar, a juya wilin a kan injin balansin a ga ko bakinsa ya lanƙwashe, a kuma duba bayansa ko ya tsage, don dukan da ya tsinka zare yana iya taɓa ƙarfe. Daga nan a duba alaimen, wato saitin ƙafafun motar, in ba haka ba sabuwar za ta cinye ta gefe ɗaya. Iska kuma kada ka bi lambar da ke jikin tayar, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, a motoci da yawa akwai layi daban na mota cike da kaya. Da safe za ka auna, kafin tayoyin su yi zafi.